Gona Ko Gini: Yadda Gundumomi Biyu Na Amurka Suka Raba Hanya A Kan Ƙasar Noma



A watan Agustan 2025 wata alƙaliya a jihar Virginia ta ƙasar Amurka ta soke izinin da majalisar gundumar Prince William ta bayar na mayar da gonaki da dazuzzuka kimanin eka 2,000 su zama matattarar rumbunan kwamfuta. Alƙaliyar ba ta shiga maganar ko aikin mai amfani ne ko mai cutarwa ba. Abin da ta kama shi ne, sanarwar zaman sauraron jama'a ba a buga ta a jarida kamar yadda doka ta shimfiɗa ba, saboda haka duk abin da aka gina a kan wannan zama ya rushe. Waɗanda hukuncin bai yi wa daɗi ba suka ɗaukaka ƙara. Labari ne da bai yi amo a wajenmu ba, amma na ga ya dace mu tsaya a kansa, musamman ɗalibai, domin a cikinsa akwai tsohuwar mas'ala: wa ke da ikon ya ce wa mai gona kada ya sayar, kuma idan an hana shi, wa zai ɗauki asarar?

Kafin mu yi nisa, bayani biyu. Eka ta Amurkawa ƙarama ce, sai an haɗa biyu da rabi ake samun hekta guda, kuma da ita zan yi lissafi. Rumbun kwamfuta kuwa wani makeken gini ne marar taga, cike da na'urori, yana shan wuta da ruwa dare da rana. Hoton da ka saka a Facebook da karatun malam da kake saurare a YouTube, a irin waɗannan gine-gine suke kwana. Gundumar Loudoun, maƙwabciyar Prince William, ita ce wurin da ya fi ko'ina a duniya tara su.

Amurka tana da gundumomi fiye da 3,000, kuma gwamnatin tarayya ba ita ke cewa nan gona ce, nan unguwa ce ba. Jihohi ne ke da wannan iko, su kuma sukan miƙa shi ga birane da gundumomi. Gunduma takan rubuta babban tsari na shekaru masu zuwa, sannan ta zana taswira ta karkasa ƙasarta: wannan yanki na gidaje, wannan na masana'antu, wannan na noma, kuma gida nawa aka yarda a gina a kan eka nawa. Wanda ke son a sauya wa filinsa matsayi sai ya shigar da buƙata, a buga sanarwa, a yi zaman da kowa zai tashi ya yi magana, sannan zaɓaɓɓun wakilai su kaɗa ƙuri'a. Kotun ƙolin ƙasar ta halatta wannan tsari tun 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin Ambler. Kamfanin ya yi kukan cewa dokar ta zubar da darajar filinsa daga dala 10,000 a kan eka zuwa 2,500, kotu ta ce maslahar jama'a ta ba hukuma damar yin haka. Tun daga ranar, layin da aka ja a taswira ya zama dukiya. Gonaki biyu masu ƙasa iri ɗaya, hanya kawai ta raba su, ɗaya za ta iya ninka ɗaya kuɗi sau da yawa saboda launin da aka shafa mata a ofishin gunduma.

Wata ƙungiya mai bin diddigin ƙasar noma, American Farmland Trust, ta ƙiyasta cewa daga 2001 zuwa 2016 eka miliyan 11 ta fita daga noma ta koma gine-gine ko gidaje warwatse, wato kusan eka 2,000 kowace rana. Ƙidayar ma'aikatar gona ta 2022 kuma ta nuna matsakaicin shekarun manomin Amurka ya haura 58. Wannan adadi na biyun ya fi ba ni tsoro. Tsoho ba ya cika sayar da gonar da ya yi rayuwa a cikinta. Magada ne ke sayarwa, bayan sun watsu a birane, kowa yana son kasonsa a hannu.

To, a arewa da birnin Washinton, a jihar Maryland, akwai gundumar Montgomery, mai mutane fiye da miliyan ɗaya, kuma tana cikin gundumomi masu arziki a ƙasar. A shekarun 1970 shugabanninta suka ga gari yana cin gonaki. Sun fara da cewa a yankin karkara ba a gina gida sai a kan eka 5, suna zaton wannan zai rage gudun abin. Sai ya zama akasin haka: masu hali suka ga eka 5 daidai take da gidan da suke mafarki, mai lambu da wurin doki, aka shiga yanka gonaki biyar-biyar. Fili mai eka 5 ya yi wa gida yawa, ya yi wa noman zamani kaɗan. A 1980, a ƙarƙashin shugaban hukumar tsare-tsare Royce Hanson, gundumar ta keɓe eka 93,000, kusan sulusin ƙasarta, ta ce wannan keɓantaccen yankin noma ne, gida ɗaya a kan eka 25.

A nan ne hikimar take, don haka a kula. Manomi mai eka 100 jiya yana da damar gina gida 20, yau an ce 4 kawai. An ɗauke masa dukiya ke nan da alƙalami. Gundumar ba ta da kuɗin biyan kowa diyya, sai ta ce: gidajen nan 20 da kake da damarsu a da, mun rubuta maka su a matsayin haƙƙi, ɗaya a kan kowace eka 5. Huɗu za ka iya riƙewa ka gina a gonarka in ka so. Sauran ba ka da ikon gina su a nan, amma kana da ikon sayar da su. Wa zai saya? Masu gina rukunin gidaje a wasu unguwannin da gundumar ta ware kusa da gari, inda akwai titi da ruwa da makarantu. Wanda ya sayi haƙƙi daga manomi, a bar shi ya ƙara yawan gidaje a filinsa na cikin gari fiye da abin da aka ƙayyade masa. Manomi ya karɓi kuɗi, gona tana hannunsa, yana nomawa, yana iya sayar da ita ko ya bar wa magada, sai dai an rubuta a takardar ƙasar cewa wannan haƙƙi ya fita har abada, ko hannun wa ta koma.

Da na fara karanta wannan, abin da ya faɗo mini a rai shi ne wata mas'ala da muka yi a babin ciniki muna ɗalibai, muna ganin kamar ba za ta taɓa amfani ba. Malaman Malikiyya sun halatta mutum ya sayar da sararin da ke saman gininsa, har ma sararin da ke saman wancan sararin, muddin an siffanta ginin da za a yi ƙasa da sama don kada a yi jayayya. Hanafiyya ba su yarda a sayar da haƙƙin hawa sama shi kaɗai ba, domin a wurinsu ba dukiya ce da ake riƙewa ba. Ba ina cewa mas'alolin biyu ɗaya ba ne. A Montgomery haƙƙin yana tashi daga wannan fili ya sauka a wani, kuma hukuma ce ta ƙirƙire shi. Amma asalin tambayar, ko ana iya raba damar gini da ƙasar kanta a yi cinikinta, magabata sun riga sun yi ta muhawara a kai. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kansa, ga shi nan.

Shekara arba'in da wani abu ke nan, yankin yana nan. Mutum zai fito daga Washinton cikin mota, kafin awa guda ya tsinci kansa tsakanin masara da waken suya da garken shanu. Wanda ya tsallaka kogin Potomac zuwa gabashin Loudoun, ƙasa iri ɗaya, sai ya tarar da unguwanni da rumbunan kwamfuta. Wannan nasara ce, ban ga dalilin musun ta ba.

Sai dai ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa kashin shanu. Farashin haƙƙin nan yana hawa da sauka da kasuwar gidaje, kuma idan gunduma ba ta ware isassun unguwannin da za su karɓa ba, manomi ya zauna da takarda babu mai saye. Haƙƙi na biyar ɗin nan da aka bar wa kowace eka 25 shi ma ya zama ƙofa: mai kuɗi ya sayi eka 25, ya kafa katafaren gida a tsakiya, ya saki dawaki biyu, a takarda gona ce. Har sai da gundumar ta fito da wani shiri a 2008 na sayen wannan ragowar haƙƙin don ta kashe shi. Sannan mutanen da aka hana wa wurin zama a nan ba ɓacewa suka yi ba, da yawa sun tsallaka gaba zuwa gundumar Frederick, suka ci gonakin can, suna doguwar tafiya zuwa aiki kullum. Matashin da ke son noma kuwa, an tsare masa ƙasa, amma kuɗinta ya fi ƙarfinsa, sai haya.

Prince William ita ma ta taɓa ɗaukar irin wannan hanya. A 1998 ta shata wani yanki mai siffar jinjirin wata a yammacinta da kudancinta, ta ce gida ɗaya a kan eka 10, kuma ba za a kai bututun kwashe ƙazanta can ba. Wannan na biyun shi ne ainihin makullin. Inda babu bututu, kowane gida sai ya haƙa nasa ramin ya bar masa fili mai faɗi, don haka gidaje ba sa cunkushewa. Ranar da bututu ya iso, ranar gona ta fara ban kwana. Abin da Prince William ba ta yi ba shi ne abin da Montgomery ta yi: ba ta kafa kasuwar da mai ƙasa zai sayar da haƙƙinsa ya karɓi kuɗi ba, kuma ba a ɗaure gonakin da wani alƙawari na har abada ba. Kariyar duka ƙuri'a ce, abin da ƙuri'a ta ɗaura kuwa ƙuri'a na iya kwancewa.

Haka aka yi. Masu filaye a kan titin Pageland, dab da filin yaƙin basasa na Manassas da gwamnati ke adanawa, su da kansu suka haɗa kai suka nemi a sauya wa yankinsu matsayi. Hujjarsu ita ce karkarar ta riga ta mutu: manyan turakun lantarki sun ratsa gonakinsu, motoci sun cika titin, noma ba ya biya. Kamfanoni biyu, QTS da Compass, suka yi musu tayin ɗaruruwan dubban daloli a kan kowace eka. Ku gaya mini, wane manomi ne za a yi wa wannan tayi ya kawar da kai? Ni ban ga laifinsu ba. Shekara ashirin da biyar ana ce musu su riƙe wa jama'a kyan gani da iska mai daɗi, ba wanda ya ba su ko sisi a kan haka. Majalisar gunduma kuma tana hangen maƙwabciyarta Loudoun, wadda harajin rumbunan nan ke ɗauke mata babban kaso na kasafin kuɗi. A ƙarshen 2022 aka sabunta babban tsarin gundumar, aka share jinjirin watan daga taswira.

Jama'a suka fusata. A watan Yunin 2023 shugabar majalisar, Ann Wheeler, ta faɗi zaɓen fid da gwani a hannun Deshundra Jefferson, wadda ta yi kamfe da adawa da aikin. Duk da haka, a watan Disamba, saura 'yan makonni sabuwar majalisa ta hau, tsohuwar ta zauna zaman da ya ɗauki awa 27, ta amince da ƙuri'a 4 da 3, ɗaya ya ƙi jefawa. Gaggawar a gama kafin a sauka ita ce ta sa ba a tsaya an gyara kuskuren sanarwa ba, kuma a kan wannan kuskure kotu ta tsaya. Masu filayen su ne suka fi shiga uku. Da aka sauya matsayin ƙasarsu, masu kimanta haraji suka kimanta ta da sabon farashi, harajinsu ya yi tashin gwauron zabo, alhali cinikin bai kammala ba saboda shari'a. Ga su ba gona ba, ba kuɗi ba.

Akwai wata fuska ta wannan iko da ta shafe mu kai tsaye. Dokar da ke kare gona ita ce kuma ake ɗagawa idan Musulmi suka zo gina masallaci ko neman maƙabarta, domin fili mai faɗi da araha a bayan gari yake. A wannan jinjirin wata na Prince William, ƙungiyar Musulmi ta ADAMS ta nemi gina masallaci a kan eka 14 a Nokesville, aka yi shekaru ana ja-in-ja, kuma gardamar ta taru a kan ko za a bar su su jona bututun ƙazanta. A watan Yunin 2017, bayan zaman da ya kai tsakar dare ya wuce, aka amince. Adalci shi ne a faɗa cewa cikin masu adawa akwai waɗanda tsoronsu na gaskiya ne, sun san abin da bututu ke jawowa. Amma abin lura, shekara biyar bayan an yi wannan dambarwa a kan eka 14, sai ga eka 2,000 an buɗe wa masu kuɗi.

A gundumar Stafford, duk a Virginia, abin ya fi fitowa fili. Wata ƙungiyar Musulmi ta sayi fili don maƙabarta a 2015. A ƙarshen 2016 gundumar ta sauya doka ta ce dole kabari ya nisanci rijiyar gida da ƙafa 900, alhali ma'aunin jihar ƙafa 100 ne, kuma sabon ma'aunin ya kashe filin gaba ɗaya. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta kai gundumar kotu a 2020, bisa wata doka ta shekarar 2000 da ta hana amfani da tsarin filaye wajen danne wuraren ibada. Gundumar ta janye dokar, daga baya ta biya dala 500,000. Kuma kada a ɗauka mu kaɗai ne. Montgomery ɗin da na yaba ta hana wani coci mai suna Bethel gini a cikin yankin nomanta, shari'a ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 2013, gundumar ta ƙare da biyan fiye da dala miliyan ɗaya. A ra'ayina, jama'ar da za ta tara dubban motoci duk mako, masallaci ne ko coci, ba ta da hujjar cewa sai tsakiyar gonaki. Sharaɗin shi ne ma'aunin ya zama ɗaya ga kowa, kuma a rubuta shi kafin a san wa zai zo.

Keɓe ƙasa don maslahar jama'a ba baƙon abu ba ne a fiƙihunmu, shi ne ake kira hima. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Abin da ya fi jan hankalina shi ne umarnin da Umar ya ba Hunayyu, wanda ya ɗora a kan wurin, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a ƙarshen Muwaɗɗa. Ya umarce shi ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tsare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa wurin shugaba zai kawo 'ya'yansa. Kuma Umar bai ɓoye cewa mutanen wurin suna ganin an zalunce su ba, tunda ƙasarsu ce tun kaka da kakanni, ya nuna larura ce kawai ta sa ya taɓa ta. Wato wanda ya keɓe ya san akwai wanda ya cutu, kuma ya san ƙofa ta fi saurin buɗewa ga mai ƙarfi. Da wannan ma'auni nake ganin Montgomery ta fi kusa da daidai, tunda ta lissafa asarar mai gona ta nemi hanyar mayar masa, ko da hanyar tana da gyara.

Na ga ɗaya hanyar da idona a Masar. Muna karatu can a shekarun 1980, hanyar zuwa dalar Giza akwai sauran gonakin da ake shayarwa da ruwan Nilu. Gwamnati ta yi doka a 1983 ta haramta gini a ƙasar noma da kankare ƙasar gona don yin jan bulo, da tara da ɗauri. Da na koma bayan shekaru, jan bulo ne hawa-hawa iyakar ganinka. Hani ne kawai aka yi, ba a ba mai gona komai ba. Mutanen Yamai ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, sun san abin da ya sami dajin dogon yaro da aka fara dasawa a kewayen birnin tun 1965, yadda aka yi ta yanka shi fuloti-fuloti. Kalmar hurumi ma da muke da ita, daga wannan babi na fiƙihu ta fito, kuma kowa ya san hurumin garinsu da burtalin da ya sani yana yaro, ya san abin da ke kansu yau.

Ko a Maryland ɗin ma maganar ba ta ƙare ba. Rumbunan Virginia suna neman wutar da layukan da ake da su ba za su iya ɗauka ba, don haka a 2024 aka fito da shirin jan wani babban layin lantarki mai tsawon kusan mil 70, wanda kamfanin PSEG zai gina, ya ratsa gundumomin Baltimore da Carroll da Frederick. Cikin gonakin da ke kan hanyarsa akwai waɗanda masu su suka riga suka sayar da haƙƙin gininsu har abada, bisa alƙawarin cewa ƙasar za ta zauna gona. Izinin wannan layi a hannun hukumar jiha yake, majalisun gundumomin uku sun nuna adawa amma ba su ke yanke hukunci ba. Manoma da yawa suka hana ma'aikatan kamfanin shiga, shi kuma ya kai su kotun tarayya, a 2025 kotu ta ba shi izinin shiga gonakin ya yi awo.